Ginshiƙai Takwas na Malam Attahir

"Baba, yau kwananka arba'in da rasuwa, ni kuwa ga ni a ƙofar rumfarka kamar baƙo." Lawali ya faɗi haka can ƙasan maƙoshi, ba mai ji sai kwanon rufi da ke ƙara a rana. Tun da aka yi wa rumfar rufi bai taɓa sa ƙafa cikinta ba.

Malam Attahir kafinta ya shekara talatin yana aiki a wani ɗan lungu na kasuwar Tanut. Nan Lawali ya tashi, nan kuma aiki ya ƙi shi. In ya ja layi, inuwar hannunsa ta rufe layin. In ya kama zarto, gwiwar hannunsa ta bugi ta na kusa da shi. Babban yatsansa na dama har yau baƙi ne don shan guduma. Ƙarshe ya ajiye, ya kama kabu-kabu da babur.

Na kusa da shi ɗin nan Abdulgani ne, mutumin Belbeji, wanda ya zo koyo ya zama gwani, ya kuma auri Balki ƙanwar Lawali. Ƙofar da ya haɗa ko iska ba ta samun hanya.

Da idon tsoho ya fara rauni, sai ya sayar da raƙumarsa ɗaya tilo da ke kiwo a Gangara, ya ce zai kafa rumfar aiki a bayan gida, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance. Da wa ya yi shawara? Da Abdulgani. Wa ya riƙe masa igiyar awo? Abdulgani. Lawali yakan dawo da la'asar ya tarar da kawunansu a haɗe, suna zane a kan rairayi: nan teburin aiki, nan ma'ajiyar katako, nan ƙofa mai faɗin da amalanke zai shiga. Da sun ga inuwarsa sai tsoho ya share zanen da tafin ƙafa.

Wannan sharewar ita ta fi ci masa rai. Ya riƙa jin ta kamar ƙaya a cikin takalmi.

Ran da aka kawo ginshiƙai takwas na itacen turare, Malam Attahir ya miƙa wa Lawali bidon, wato jarkar baƙin mai.

"Ka shafe gindinsu sosai kafin a binne, saboda gara. Gindin ginshiƙi ba a ba baƙo."

Lawali ya dubi bidon, ya dubi Abdulgani da fensir a bayan kunne. Wato mai fensir ya ci rumfa, ɗan gida ya ci dauɗa. Ya jira suka tafi masallacin Juma'a. Ya kafa ginshiƙan a bushe, ya mayar da ƙasa, ya shafa mai iyakar inda ido ke gani. Sauran ya tuttule a bayan katanga, rairayi ya shanye.

Aka ci gaba da gini. Daga ɗakinsa yana jin gardamarsu.

"Baba, tagar nan a baibai kuka huda ta fa."

"Haka nake so."

"To ƙarfen matse katakon ma, ai ba wannan gefen ake ɗaura shi ba."

"Ɗaura, malam, ba tambayarka na yi ba."

Lawali ya yi murmushi cikin duhun zuciyarsa. Tsufa ya kama tsoho, gwani zai gaji rumfa karkatacciya.

Damina ta sauka, ta yi nisa. Gero na cikin zangarniya Malam Attahir ya kwanta, kwana shida ya cika. Bai bar wasiyya ba, sai dai ya yi ta neman hannun Lawali, shi kuwa ya miƙa masa da kai a sunkuye.

Yau, bayan an watse daga sadaka, sai ga Abdulgani da jaka a kafaɗa, Balki na biye da goyo.

"Yaya Lawali, mu za mu koma Belbeji. Ga makulli."

"Ka bar gadonka?"

"Wane gado? Kwana uku na gwada aiki a ciki, kafaɗata ta kusa gocewa. Baba ya ce kada in buɗe baki sai ka shiga da ƙafarka. To na gaji da riƙo, shiga."

Ya shiga. Ƙamshin sabon katako ya tare shi. Abin da idonsa ya fara sauka a kai ginshiƙin kusurwa ne: jan zanen ƙasar gara ya hau shi har gwiwa. Na biyu ma haka, na uku ma. Ya ƙwanƙwasa, itacen ya amsa kamar ganga.

Ya ja jiki zuwa tebur. Akwai guntun katako a matse, da fensirin tsoho a gefe. Bai san lokacin da ya miƙa hannu ba, sai ya ji zarto a rataye daidai inda yatsunsa suka nufa. Guduma ma haka. Ya ja layi. Hasken tagar ya sauko daga dama, ya kwanta a kan katakon fes, karo na farko a rayuwarsa babu inuwa a kan layinsa.

Duk zuri'ar Malam Attahir bahago ɗaya ne, shi ne Lawali, kuma har yanzu bai gaya wa kowa inda baƙin man ya tafi ba.