Ragon Mai Lambu a Wayar Kowa

Kafin ka kai ƙarar nan gaban mai unguwa, ɗan'uwa, zauna ka ji abin da ya sami wani mai lambu a bakin gulbi. Mutum ne mai saurin fushi da saurin rantsuwa. Kullum da la'asar sai ya tarar an yi wa latas da kabejinsa aski, ga sawun tumaki a cikin fangali. Bai tsaya wani bincike ba, ya ɗora laifin a kan maƙwabcinsa, wani dattijo mai kiwon tumaki da suka yi shekara talatin suna shan ruwan rijiya ɗaya. Ya daina amsa gaisuwarsa, ya ce sai ya tona masa asiri ya raba shi da unguwar. Surukinsa ma'aikacin gandun daji ya ara masa kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin bishiya, mai ɗaukar duk abin da ya gifta. Ya ɗaure ta a tsamiyar da yake hutawa a ƙarƙashinta. Bayan kwana uku ya ciro katin memorin kyamarar yana ta washe baki, amma duk wayar da aka saka shi sai bidiyon ya ƙi buɗewa. Wannan bai hana shi zagaya gari yana cewa shaida tana cikin aljihunsa ba.

Ranar kasuwa ya kai wa mai shagon tura finafinai. Mutumin ya duba a kwamfuta ya ce irin bidiyon kyamarar daji ne, wayoyi ba su san shi ba, sai an juya shi zuwa wanda ake kira MP4. Ya ƙara da cewa, "Baba, in na juya ka fara kalla kai kaɗai tukuna." Mai lambu ya ce, "In kalli me? Ai na san abin da ke ciki. Juya shi yadda ko 'yar waya mai tocila za ta buɗe, ka tura wa duk wanda ya miƙo waya." Aka juya, mutanen unguwarsu da suka ci kasuwa suka yi ta miƙo wayoyi, shi kuwa ya wuce sayen taki ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓawa. Da ya dawo gida ya ga majalisa ta yi tsit, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, kafaɗu suna rawa. Wani ya miƙa masa tasa. Sai ga shi nan shi da kansa, ya sha fura ya miƙe a gindin tsamiya da tsakar rana, baki a buɗe, hula a kan ciki. Ragon layyarsa, wanda ba ya ɗaurewa don wai ya fi wasu mutane hankali, ya tashi a hankali ya shiga fangali ya ci ya ƙoshi, ya dawo ya kwanta a ƙafar ubangidansa yana tuƙa. Kwana uku a jere haka, tumakin maƙwabci ko inuwarsu babu.

Kunya ta kama shi, irin wadda mutum yake roƙon ƙasa ta tsage ya shige. Ya koma shago da gudu don a goge bidiyon, mai shago ya ce bidiyon da ya sa aka yi wa hanyar shiga kowace waya ai ba ya kiranyuwa. Mako guda bai fito masallaci ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne dattijon nan bai yi dariya ba, bai kuma kai ƙara ba. Ya zo da kansa ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya ajiye sabuwar igiya da turke a bakin zaure, ya juya. Mai lambu ya ɗauki igiyar da turken kai a sunkuye, ya je ya ɗaure ragonsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.