Fitilu Bakwai a Layin Marjorie

Da ƙarfe takwas da kwata Marjorie Kowalchuk ta cire wayar talabijin daga bango, ta naɗe ta, ta jefa a jakarta.

"Ranar da za a buga wasan ƙarshe na hokin ƙanƙara, Marj?" in ji mijinta Lorne.

"Duniya na ƙonewa kana zancen ƙattin banza masu zamiya a ƙanƙara."

Lorne ya dafe goshi, ya ce kansa na sara, zai kwanta. Ta ba shi ƙwaya biyu, ta ja masa bargo. Shekara arba'in da ɗaya ke nan bai taɓa yi mata gardama ba, kuma a ganinta haka ya kamata miji ya kasance.

Wata uku ta yi tana shirin daren nan na kashe fitilu don jan hankali kan ɗumamar duniya. Gida ashirin da biyu ne a layinsu, kowanne ta ƙwanƙwasa, kowa ta sa ya sa hannu cewa daga takwas da rabi zuwa tara da rabi ba zai bar ko fitilar firji a kunne ba. Ƙwan fitilar bayan gidanta ma da hannunta ta kwance shi. Jaridar garin ta yi alkawarin hoto a shafin farko. Washegari kuma za a zaɓi shugabar ƙungiyar unguwa, kujerar da Marjorie ta riƙe shekara tara, wadda yanzu Darlene Friesen ta ƙarshen layi ke so.

Ta hau tudun bayan makaranta tare da mai hoton jaridar. Sanyi na cizon kunne. Lokaci na cika, layin ya yi baƙi ƙirin. Marjorie ta ji hawaye, ta share da sauri.

Minti biyar bai cika ba fitilar bayan gidan maƙwabcinta ta kama. Ta mutu, ta gida na gaba ta kama. Sai na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, gida bakwai, har gidan Darlene, inda hasken ya ɗan jima.

"Kamar sun shirya, ko?" in ji mai hoton yana dariya.

Marjorie ba ta yi dariya ba. Ta ciro takarda ta rubuta sunaye bakwai. Da ƙarfe tara da minti ashirin aka sake yi, wannan karon daga gidan Darlene aka faro. Raini bai wuce haka ba. Hoto dai ya lalace.

Ta iske Lorne yana minshari, fuskarsa ga bango. Ta taɓa ƙafarsa ta ji ta sanyi ƙalau, ta ƙara masa bargo.

Washegari Lahadi bayan addu'a aka taru don zaɓen a ɗakin ƙasan coci, ga kofi ga waina mai zaƙi. Marjorie ta miƙe kafin a ba ta dama. Ta karanta sunayen bakwai ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa bayan kowanne.

"Kun sa hannu da rana, kun ci amana da dare. Mutumin da ba zai iya haƙurin awa guda ba, ina zai iya riƙe unguwa? Kowa ya dubi gidansa kafin ya nemi kujera."

Tsoho Wendell, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ya rantse suna zaune a duhu shi da matarsa, har ya buge gwiwa da tebur.

"To aljani ne ya kunna, Wendell?"

"Ai irin fitilar nan ce mai..."

"Ban tambaye ka irinta ba."

Lorne na can baya, ya sunkuya yana juya cokali a kofin da babu sukari.

Darlene ba ta kare kanta ba. Ta buɗe jakarta a hankali, ta tako har gaban taro, ta ajiye wani takalmin ɗaka, ƙafa ɗaya, jiƙe da laka, kusa da takardar sunayen.

"Marj, ƙawata, fitilun bayan gida motsi suke ji su kama da kansu. Ki mayar wa Lorne wannan, ta bayan gidaje ya lallaɓo kallon hoki, a bakin ɗakin talabijin ɗinmu ya bar shi, don bai ma tsaya ganin ƙarshen wasan ba saboda tsoron kada ki riga shi komawa gida."