Shatul Marar Gudu

Malam Elias ya maka wa shatul, wato ƙwallon badminton, duka da iyakar ƙarfinsa, amma ta haye raga tana lilo kamar busasshen ganye, ta sauka a hankali gaban Felix.

"Ka gani ko? Wannan ma matacciya ce!"

Felix ya tako gaba. Ya sunkuya da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya ɗauko ta, ya mayar masa.

Elias ya tsufa yana koyar da wasanni a wata sakandare a Samaru. Ya san ƙwallon badminton kamar yunwar cikinsa: gashin fiffiken dinya ne ake jerawa a kewayen ɗan kai mai tauri, in an jera daidai kuwa, fita take yi kamar kibiya. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya fara samun sauƙi, likita ya ce ya riƙa motsa hannun. Sai ya ɗaura raga tsakanin darbejiya biyu a bayan gida, ya kira Felix, tsohon abokin karawarsa daga Palladan.

Hannu ya dawo, a ganinsa. Da wuya shatul ta wuce shi. Har ya ba da sunansa a gasar dattawa da za a yi a wani kulob a Sabon Gari. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: duk wadda ya buga ba ta da gudu. Yaya mutum zai shirya wa gasa da abin da ke tafiya kamar ya sha maganin barci?

A gida ma ba sauƙi. Matarsa Winifred tun farko ba ta son zancen.

"Baban Success, wata rana a filin nan za a kwaso ka. Ni dai ba ruwana."

Ko leƙowa ba ta yi in suna wasa. Iyakacinta, in ya sayo sabon kwali ta karɓa tana mita, ta kai kicin ta turara a bakin tukunya don kada gashin ya bushe ya karye. Shi ma sai ya roƙa.

Ya canja kamfanin shatul. Ya sake igiyar raket, abin bugun shatul. Ya daina wasan yamma ya koma na safe, wai ko iska ce. Duk kanwar ja ce.

Ranar da haƙurinsa ya ƙare, ya kwashi tsofaffin shatul ɗin a leda, ya hau Keke zuwa kasuwar Sabon Gari, ya zube su kan teburin Nedu, mai shagon kayan wasanni.

"Jabu kake sayar mini, ina gaishe ka kana gaishe ni?"

"Oga, ni ba na sayar da jabu," in ji Nedu. Ya ɗauki ɗaya ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya juya ta. "Ina gilashinka? Duba nan."

Elias ba ya son a gan shi da tabarau, amma ya saka. Bakin gashin an ɗan lanƙwasa shi waje, a lanƙwasa ɗaya a tsallake ɗaya, kaɗan ƙwarai, da tsabta. Duk sauran haka suke. Ya san dabarar sarai: haka ake wa shatul in ana so ta riƙe iska ta rage gudu.

Nan take Felix ya faɗo masa a rai. Wa ke fara riƙe ta kullum kafin a soma? Wa ke da gwiwar da ba ta iya bin ƙwallo mai sauri?

Ya sayi sabon kwali, ya kira Felix ya ce su haɗu yanzu. A gabansa ya ɓare ledar da kansa.

"Yau ba za ka taɓa ta da farce ba. Buga."

Felix ya dube shi, ya dubi kwalin. Ya buga.

Elias ya ji fitarta ta gefen kunnensa. Ta biyu ta faɗi bayansa kafin raket ya kai kafaɗa. Ta uku ta same shi a ƙirji. Ɓacin rai ne, ya gaya wa kansa. Ba a wasa da zuciya tana tafasa.

"Tun muna samari kake neman hanyar cin galaba a kaina," ya ce. "Sai da na kwanta ciwo ka samu."

"Cin galaba? Tunda muka fara, sau nawa na ci ka?"

"Kwance ragarka ka tafi."

Felix ya ce ragar ba tasa ba ce. Ya rataya jakarsa, ya fita yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Elias ya daɗe zaune a gindin darbejiya. Success, 'yarsu, ta zo ta kwashe kayan ta shiga da su. Can ƙishirwa ta tashe shi. Ya bi ta ƙofar baya, tabarau ɗin na fuskarsa har yanzu.

A bakin tagar kicin ya tsaya cak. Tukunya na tururi a kan risho, sabon kwalin na buɗe a gefenta. Winifred na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta kawo shatul dab da idonta, tana bin bakin gashin da farcen babban yatsa, ta lanƙwasa ɗaya ta tsallake ɗaya, tana yi mata raɗa kamar mai lallashin jariri: "Ke ma ki bi a hankali, kin ji? Ki jira hannunsa ya iso."