Murmushin Nakalema

Ƙarti biyu sun riga sun ɗaga keken ɗinkin Nakalema lokacin da Ssemanda, jami'in ofishin lamuni, ya ce, "Ku mayar mata."

Ta sauke ajiyar zuciya. Banki ba ya sauraron wanda ba shi da takardar fili, duk garin Masaka ofishin nan kaɗai ke ba irinta rance. Uwar kuɗin ta biya tun bara, kuɗin ruwa ne ya ƙi ƙarewa. In keken ya tafi, 'ya'yanta uku sun bar makaranta ke nan.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Zauna gaban keken, Mama. Gyara ɗankwalin. Haba, makoki muka zo? Ɗan yi murmushi mana!"

Ta yi, har zuci. Ya ɗauke ta hoto da wayarsa, ya duba, ya gyaɗa kai.

"Hoton na mene ne?"

"Na Turawan da suka tara miki kuɗin ne. Bayin Allah, ko sisin ruwa ba sa karɓa. So suke su ga yadda rayuwarki ta gyaru."

Ya sa wayar a aljihu, ya dubi ƙartin.

"To, ku ɗauka."