Makullin Babur

Da masu ta'aziyya suka watse, Baba ya miƙa wa babbar 'yarsa makullin babur.

"Ungo. Na daina hawa."

Ta karɓa kamar cokali aka miƙa mata. Tun rasuwar Inna ko kuka ba ta iya yi ba. Shekara da shekaru tana roƙonsa ya ajiye babur ɗin nan, tsufa ya zo, shi kuwa kullum sai ya goya Inna sun fita.

"Baba, sai yau ka ji maganata?"

Ya juyo, idonsa na gefenta kaɗan.

"Na daɗe ba na ganin hanya, 'yar nan. Uwarki ce ke gani. In ta taɓa min dama, in yi dama. In ta ƙanƙame ni, in taka birki."