Kumfar Kan Tebur

Kafinta ya ja buroshi a hankali, kumfa ta sake tasowa ƙarƙashin man banish ɗin da yake shafa wa teburin don ya yi sheƙi, ƙanana kamar ƙuraje. Ya goge da samfefa, ya tsinka man, ya daina girgiza gwangwanin. Duk da haka da ya shafa sai katakon ya huro iska, sai ka ce mai rai.

Tsohuwar da ta kawo katakon a yi mata tebur kullum sai ta zo. Ta zauna kan benci, ta ƙura wa kumfar ido. Kunya ta ishe shi.

"Inna, ki ƙara haƙuri, zan gyara."

"Ba sauri nake ba, ɗan nan."

Ya shanya teburin a rana, ya toshe ƙofofin itacen, ya shafa siriri-siriri. Ya fito sumul kamar madubi.

Da ta zo ta shafa shi da tafin hannu, murmushinta ya ɗauke.

"Ina kumfar?"

"Na raba ki da ita, Inna."

Ta zauna a ƙasa daɓas.

"Katakon kwalekwalen da ya kife da ɗana ne. Ina tsaye a bakin ruwa ina kallon kumfa tana tasowa. Muddin tana tasowa, na san yana numfashi."

Ta ɗago ta dube shi, idonta a bushe.

"Yau ta sake tsayawa."