Bel Ɗin Direba

"Wa'adin sake gwaji kyauta ya wuce, baiwar Allah," in ji jami'in duba motoci. "Sai kin biya kamar sabon zuwa."

Ta biya, ba ta yi musu ba. Motar ce kaɗai abin da mijinta ya mutu ya bar mata da yara, kuma ƙaninsa ba zai fita haya da ita ba sai ta ci gwaji. Ƙanin ya sha wahalar gyara ta, har fenti ya sake.

Tana tsaye aka gwada birki da fitilu, duk lafiya. Sai jami'in ya leƙa ciki ya ja bel ɗin ɗaura jiki na kujerar direba, bel ya biyo hannunsa kamar tsumma.

"Ta sake faɗuwa," ya ce.

"Don Allah, malam, ka duba mana. Yara ne a gida."

"Ba yadda zan yi. Ni na duba ta wancan karon. Na gaya wa mai ita bel biyu sun mutu, ya ce ɗaya kawai zai iya saya a watan." Ya ja na ɗaya kujerar, bel ya riƙe gam. "Kin ji mutum, ya bar nasa ya gyara na fasinja. Wa ke zama a nan ne haka?"

Ta dubi kujerar. Mijinta ne ya kawo motar wancan karon. A nan take zaune ranar hatsarin motar da ya tafi da ransa, aka fito da ita ko ƙwarzane babu.